Ta Baba Ce

A shekarar da sojoji suka koma bariki, wata ranar Talata da hantsi, aka kawo rahoto caji ofis cewa ɗalibai uku na wata sakandare a Shahuci sun faɗi a aji suna amai. Ƙaraminsu, Nazeer, ɗan shekara goma sha biyar, yana asibiti, idonsa ya fara dushewa.

Sufeto Zaituna aka ba aikin. Ta san dalili: mazan ofishin sun ce maganar yara ai ta mata ce. Ta ɗauki hularta ta fita.

A ƙofar makarantar ta tarar an kewaye maigadi, wani tsoho mai suna Ashafa, an yaga masa riga.

"Me ya yi?"

"Giya yake sayar wa yara, Hajiya," in ji shugaban makarantar. "Yaron da aka kai asibiti da bakinsa ya ce ta Baba ce. Nan kuwa Baba ɗaya muke da shi."

"Sufeto nake. Ka gan shi yana sayarwa?"

"Sai an gani?"

Tsohon ya ɗago kai. "'Yata, da wannan furfurar? In an sake ni ma, wa zai ƙara bi na salla?"

Ta sa aka kai shi mota, don kada a ƙarasa shi.

A asibiti ta duba jakar Nazeer. Kwalba ce ta lemo, warin ogogoro na tashi daga cikinta. A wuyanta akwai guntun igiya, shuɗi.

Ta sunkuya kusa da yaron. "Wa ya ba ka?"

Harshensa ya yi nauyi. "Ta baba..."

Ta maimaita kalmar a hankali, sau biyu, kowanne da irin muryarsa. Akwai Baba, tsoho. Akwai kuma baba, na rini.

Bayan makarantar akwai wata tsohuwar marina da masu ita suka watse. Wani Maharazu ne ya gaje ta. Ta same shi zaune a inuwa cikin farar shadda.

"Kana rini, Malam?"

"Ina! Wa ke sayen rinin hannu yanzu? Na shekara ban taɓa baba ba."

"Yaran makaranta suna zuwa nan?"

"Me za su yi a nan? Ki je ki ji da tsohon da kuka kama. Ko aikin ya yi miki yawa, a turo namiji?"

Ta zaga ramukan. Duk a buɗe suke, sun bushe, shara ta cika su. Ɗaya ne kawai ke da murfi, sabo fil.

"Wannan fa?"

"Saboda awaki."

"Sauran ramukan awaki ba sa faɗawa? Buɗe hannunka."

Ya yi jinkiri, sannan ya buɗe. Marini hannunsa shuɗi yake har wuyan hannu. Nasa fes yake, sai layi ɗaya siriri da ya ratsa yatsunsa huɗu, daidai inda igiya ke ci.

Ta ture murfin da takalminta. Igiyoyi ne suka sauka cikin baƙin ruwan. Ta jawo ɗaya da kanta, kwalba ta fito tana ɗiga.

Maharazu ya zauna a ƙasa. "Giyar sanyi take yi a ciki, kuma ba mai leƙawa. Yaran ne suka sa mata suna ta baba. Ban san ta wannan makon gurɓatacciya ce ba."

"Shekarunsu fa, su ma ba ka sani ba?"

Ta yafito kofur ɗin da ya rako ta. Kofur ya sa masa ankwa.

Ba ta bi hanyar ofis ba. Ta sa direba ya tsaya a ƙofar makarantar, inda mutanen ɗazu ke nan tsaye. Ta buɗe wa Ashafa mota da hannunta, ta ɗaga kwalbar sama, shuɗin ruwa na bin hannun rigarta.

"Ga baban da yaron yake nufi," ta ce. "Wanda ya yaga rigar nan ya matso, tsohon yana jiransa."