Zanen Amatullahi da Sunan Kalilu

"Amatullahi! Wai ba za ki ɗaga kai daga takardar nan ba sai waken nan ya ƙone?"

Amatullahi ta yi firgigit, ta jefar da fensir ta ruga madafi. "Yi haƙuri Umma, wallahi na sha'afa."

Umma ta girgiza kai tana murmushi. Ta riga ta saba. Tun tana firamare Amatullahi, ɗiyar Malam Yahya tela, take zane a bayan kowane littafi. Da ta gama kwaleji a Katsina ta dawo Jibiya, sai ta duƙufa zana rayuwar bakin iyaka: manyan motoci jere a gaban shinge, masu amalanke, matan da ke tallar fura da tafasa. Burinta ɗaya ne, ta zana hotunan littattafan yara.

A wannan shekarar wata ƙungiyar masu zane ta Katsina da Maraɗi ta shirya baje kolin zane na kwana uku a wani ɗakin taro a garin, aka ce masu buga littattafai za su zo neman sababbin hannu. Amatullahi ta zaɓi zanenta goma sha biyu ta ba Badaruddeen, ɗan kasuwar hatsi da aka sa musu rana bayan Babbar Sallah. Shi kuma ya kai wa yayansa Kalilu, mai shagon buga katin biki da allon talla, don ya ɗauki hotonsu da na'ura ya tura wa masu taron. Bayan mako biyu Kalilu ya aiko cewa ba a ɗauke ta ba. Ta yi kukanta ta share hawaye.

Ranar buɗe taron Badaruddeen ya kira ta a waya. "Ki zo mu ga na wasu mana. Filis, kar ki zauna a gida kina baƙin ciki."

Tana shiga ɗakin taron ta tsaya cak. A bangon da ya fi tara mutane, ga zanenta nan reras, duka goma sha biyu, cikin firam masu ƙyalli. Ta matsa a hankali. An yanke gefen kowace takarda, daidai inda take sa hannu. A ƙasa kuwa an liƙa farin kati: Kalilu Abdulrazak.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" abin da ya fito daga bakinta ke nan.

Badaruddeen ya karanta katin sau biyu. Can gefe ga Kalilu cikin shadda sabuwa fil, yana ta bayani ga wata Madam Hauwa'u, mai kamfanin buga littattafan yara a Maraɗi.

"Yaya Kalilu, mene ne haka?" Badaruddeen ya faɗa, bayan ya ja shi waje.

"Kai, rage murya! Matar da za ta shige ɗaki wata biyu masu zuwa, me za ta yi da suna? Ni ke da shago. In aikin ya zo ita za ta riƙa zanawa, ni ina kaiwa. Duk gida ɗaya ne."

"Amana fa na ba ka!"

"To je ka tona min asiri, in ka ga Hajiya ta bar ka."

Kalilu ya riga kowa isa gida. Ya gaya wa mahaifiyarsu Hajiya Bilki cewa yarinyar nan hassada take masa, don an ƙi nata an karɓi nasa. La'asar na yi sai ga Hajiya Bilki a gidan Malam Yahya, ko tabarmar da Umma ta shimfiɗa ba ta kalla ba.

"Ke Amatullahi, tun ba ki shigo ba za ki raba mani ɗiya maza? Kalilu shekara goma yana wagga sana'a, ke ce za ki ce ya sace maki? To ki ji da kyau, in kika buɗe baki a wurin taron can, babu ke babu Badaru!"

"Hajiya, wallahi..."

"Rufe mani baki!"

Ta fice fuu. Amatullahi ta zube a jikin Umma tana kuka kamar ranta zai fita. Ta ce za ta kwashi tsofaffin takardun da ta fara gwada zanen a kansu ta kai wa masu taron, kowa ya gani.

Malam Yahya, wanda ya ji komai daga zaure, ya shigo ya zauna. "Ɗiyata, haƙƙinki ne, ba zan ce ki bar shi ba. Amma uwar mijinki ce, kuma ƙarya aka yi mata. Ki ba Badaruddeen dama ya gyara gidansu da kansa. In taron ya watse bai yi ba, ni da ƙafata zan raka ki."

Kwana biyun nan Badaruddeen bai je kasuwa ba. Ya durƙusa gaban Hajiya ya rantse mata, ta ce an shanye shi. Ya roƙi Kalilu ya je ya faɗi gaskiya da bakinsa, Kalilu ya kashe waya. Amatullahi kuwa ko saƙo ɗaya ba ta tura wa Badaruddeen ba. Tsoro ya cika ta, don ba ta san wanda zai zaɓa ba.

Ranar rufewa da hantsi ta tafi tare da mahaifinta, ta tsaya can baya. Ɗakin ya cika maƙil. Hajiya Bilki na sahun gaba da leshinta, ta zo ganin ɗanta ya sa hannu a kan aikin littattafai shida.

Madam Hauwa'u ta ɗauki makirfo. "Kafin mu sa hannu, Malam Kalilu zai ɗan gaya mana yadda ya yi wannan." Ta nuna zanen wata tsohuwa mai fura a gindin bishiyar bedi.

"E to... na gan ta ne a hanya, na zana daga ka."

"Daga ka? Kai yaro, ji tsoron Allah!"

Kowa ya waiga. Wata tsohuwa ce a bakin ƙofa, ta sauke ƙwaryar furarta. Iya Salmatu ce 'yar garin Bugaje, an gaya mata hotonta na bango shi ne ta zo gani. "Ni ce wagga! Kwana ukku ɗiyar Malam Yahya tana zaune gabana da fensirinta, har fura na dama mata. Kai ban taɓa ganin ka ba!"

Ɗakin ya kaure da surutu. Kalilu ya share gumi. "Tsohuwa ce, ta rikice..."

"Ba ta rikice ba."

Badaruddeen ne ya miƙe. Ya fara zuwa gaban mahaifiyarsa ya durƙusa, idanunsa jawur. "Hajiya, ki gafarce ni. Ban taɓa saɓa miki ba, amma in na yi shiru yau na ci amana." Ya tashi ya fuskanci jama'a. "Da hannuna na karɓi zanen nan daga Amatullahi, da hannuna na ba yayana."

Madam Hauwa'u ta miƙa wa Kalilu farar takarda da fensir. "Ga tsohuwar nan tsaye. Bismillah."

Kalilu ya karɓi fensirin. Ya ja layi biyu, ya ajiye, ya sunkuyar da kai. Hajiya Bilki ta dafe ƙirji. "Kalilu! Ni ka sa na je gidan mutane na ci zarafin ɗiyarsu? Ni?"

Aka kira Amatullahi, aka ba ta takarda da fensirin. Cikin 'yan mintuna fuskar Iya Salmatu ta bayyana a takardar, har da giɓin haƙorinta. Tafi ya ɓarke. Da shugaban ƙungiyar ya ce za a kai maganar gaban hukuma, sai Amatullahi ta girgiza kai.

"A mayar da sunana kawai. Yayan mijina ne, na yafe masa."

Kalilu ya rufe fuska da hularsa. Hajiya Bilki ta taso da kyar, ta kama hannun Amatullahi a gaban kowa tana hawaye. "Ɗiyata, ki yafe mani. Na zalunce ki."

"Haba Hajiya, ai ke uwa ce. Ba komai wallahi."

Kalilu ya yi wata guda bai iya haɗa ido da kowa ba, daga baya ya je har zauren Malam Yahya ya nemi gafara. Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure, kuma kafin shekara ta zagayo littafi na farko ya fito, yara daga Jibiya har Maraɗi suna karanta sunan Amatullahi Yahya a bangonsa.

Wanda ya ɗauki aikin wani ya liƙa sunansa, ranar da aka ce ya maimaita zai ji kunya. Amatullahi ba ta bar haƙƙinta ba, ba ta kuma zubar da mutuncin manya wajen neman sa ba. Badaruddeen ya girmama mahaifiyarsa, amma bai bi ta a kan kuskure ba. Haƙurin da aka haɗa da gaskiya irin wannan shi Allah yake saka wa da alheri.