Gadon Jaririn da Ya Koma Benci

Ke, wa ya aike ki? Yarinya ƙarama sai tambayar tsiya! Don kin ga bencin tela da shinge a bayansa kamar gadon jariri, shi ne za ki hana ni sakat? To ku zauna, kuma kada wanda ya katse ni.

Tela ta shekara ashirin da biyu a gidan mijinta, wani kafinta, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Son da suke wa juna ba mai surutu ba ne: ta ɗinke masa aljihu, ya gyara mata ƙafar keken ɗinki. Tana da shekara arba'in da shida al'adarta ta ɗauke. Wata ɗaya, biyu, uku. Ga kasala, ga kuka ba dalili, ga zafi yana taso mata daga ƙirji zuwa fuska har gumi ya jiƙa zaren da ke hannunta.

"Maigida," ta ce, "ina jin Allah ya dube mu."

Kafinta ya miƙe. Ya je shago ya zaɓo katakon da ya fi kowanne kyau, ya kwana tara yana haɗa gadon jariri, yana goge shi har ba inda zai soki yatsa. Ita kuma ta tattara ƙyallayen da suka rage daga ɗinkin mutane, ta fitar da 'yan riguna goma sha ɗaya. Yayar kafinta kuwa tuni ta baza labari a dangi. Ba wanda ya ce a je asibiti, murna ta toshe musu kai.

Sai a wata na huɗu ta je awo. Aka ɗebi jini. Da ta koma, wata 'yar nas ta miƙo mata takarda tana kau da ido.

"Sori, Anti. Rizal ɗin ya nuna ba ciki ba ne."

Likita ya ce akwai wani abu a jini, wai shi homon, da ke tafiyar da al'adar mace. Nata ya ja baya saboda shekaru, haihuwa ta rufe. Ni ban yi boko ba, amma na san yadda mace ke takowa gida da irin wannan takarda.

Tana zaune a ƙasa gaban gadon, Yaya ta faɗo ɗakin, ta nufi kafinta.

"An sa na ji kunya a dangi! Kai, sallame ta. Ita ta ƙare, kai kuwa namiji ne, namiji ba ya tsufa!"

Tela ta miƙe ta fara haɗa kaya, gara ta fita da ƙafarta da a kore ta. Kafinta ya riƙe jakar.

"Ba ni kwana uku, Mai Keke."

Ashe asibitin ya nufa, ya miƙa hannu aka ɗebi nasa jinin. A rana ta uku ya ajiye takarda a cinyar Yaya.

"Kin ce namiji ba ya tsufa. Likita ya ce nawa homon ɗin ma ya yi ƙasa, shi ya sa nake gyangyaɗi a kan zarto, nake faɗa da ƙusa. Tare muka taho ni da ita, Yaya. In tsufa laifi ne, wa zai sallami wa?"

Yaya ta nemi takalminta.

Kafinta ya ɗauko zarto ya yanke gefe ɗaya na gadon, hawaye na ɗiga a kan katako. Ya ja shi bakin taga.

"Zo ki zauna. In zafin ya taso miki, nan iska ke shigowa."

Ba su haihu ba, kada ku jira in ce sun haihu. Rigunan nan ɗaya bayan ɗaya ta ba jariran maƙwabta, kowace sai ta yi kuka kafin ta sake ta. Ke da kike tambaya, mai ɗigon ja ce kika sa kina jaririya.

Jiki yana juyawa, na mace da na namiji, ba laifin kowa ba ne. A je a gwada tun kafin a sari katako, kuma wanda ya tsaya da kai ranar da takarda ta zo da baƙin labari, shi ne naka.

Ke, share hancinki. Ku tashi ku kwanta, kada in ƙara jin motsin kowa!