Auta da Baƙin Tsibiri

An yi wata yarinya 'yar aji biyar. Ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa kowa yake kiranta Auta.

Duk ranar Asabar, in an idar da sallar la'asar, Umma takan ba ta waya na awa ɗaya. Auta ba ta duba komai a ciki sai wasa guda, wasan tsibiri.

Tsohon wasa ne, ya girme ta da shekara uku. Bishiyoyinsa kamar kwali aka yanka aka kakkafa. Wani lokaci ruwan kogin yakan tsaya cak, sai an jira shi. A ciki ana shuka, ana gina bukka, ana tuƙa kwale-kwale. Mutum biyu ke tuƙa kwale-kwale ɗaya, wannan dama, wancan hagu. In ba su danna tare ba, sai ya kife da su.

Ba don kyansa Auta take son wasan ba. Saboda yayanta ne.

Aiki ya kai Yaya nesa, wajen gyaran injuna. Yana da in'ina tun yana ƙarami. In ya kira waya, daga "lafiya lau" sai "a gaida kowa", ya kashe. Amma a cikin wasa rubutu ake yi. A can bakin Yaya a sake yake.

"Auta sarkin ci," yakan rubuto mata. "Ga kwale-kwalen ya karkata wajenki. Me kika haɗiya yau?"

"Kai ne ka rame," in ji ta. "Ba a ba ka abinci a can ne?"

Haka suke tuƙi suna hira. A nan take jin labarin ɗakinsa da abokan aikinsa, ta zo ta ba Umma.

Wata Asabar suka tarar da sanarwa a bakin kogi. Masu wasan sun ce mutane sun yi kaɗan. Za su ƙirga masu shiga a Asabar ta ƙarshen wata. In ba su kai ɗari ba, za a rufe wasan har abada.

A ranar mutum saba'in da huɗu ne a tsibirin.

Kowa ya taru a bakin kogi. Shugabar 'yan wasan wata mata ce da ake kira Tela, don ɗinki ne sana'arta. Shekara tara tana wannan wasa. Ita take rubuta wa masu wasan duk abin da ya lalace.

Tela ta rubuta: "Kowa ya kawo baƙi. Amma wanda ya kawo baƙo, shi zai tuƙa da shi har ya iya. Kada a bar kowa a tsaye a bakin ruwa."

Auta ta karanta rabin farko, ba ta tsaya kan na biyu ba.

Ranar Litinin ta bi 'yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya. Ta roƙi wannan, ta lallashi wancan. Mutum tara suka yarda. Cikinsu har da yarinyar da ke zama kusa da taga, wadda ake kira Shiru-shiru, don ba ta cika magana ba.

"Ban iya wasa ba fa," in ji Shiru-shiru.

"Ba sai kin iya ba," in ji Auta. "Ki dai shigo a ƙirga da ke."

Da Asabar ta zo, duk su tara suka shigo. Adadi ya haura tamanin. Auta ta ji daɗi. Ta bar su a bakin kogi, ta ruga neman Yaya.

Yaya ya rubuto: "Yau ina tare da baƙona. Ina naki?"

"Suna can."

"Je ki tuƙa da su."

Auta ta koma tana ƙunƙuni. Ta hau kan dutse ta zauna tana kallo. Shiru-shiru ta shiga kwale-kwale ita kaɗai, ya kife. Ta fito ta sake shiga, ya sake kifewa.

"Auta, wanne zan danna?" ta rubuto.

Auta ta ƙi faɗa mata. Dariya take yi har tana buga ƙafa a tabarma. Da kwale-kwalen ya kife na huɗu, ƙafafun 'yar wasan Shiru-shiru suna sama, sai ta ɗauki hoton. Ta tura wa sauran 'yan ajin. Ta rubuta a ƙasa: "Ga kifin ajinmu."

Ranar Litinin, kafin a buga ƙararrawa, sunan ya zaga aji. Shiru-shiru tana shigowa wani yaro ya kumbura kumatu yana buɗe baki kamar kifi. Aka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Kifi, a ba ki ruwa?"

Shiru-shiru ta wuce wajen taga. Ta zauna, ta kifa kanta a kan tebur. Har aka fita hutun ƙarfe tara ba ta ɗago ba. Da ta ɗago, littafinta ya jiƙe.

Auta ta gani. Ta ce a ranta, ai wasa ne.

Asabar ta biyu ta zo. Auta ta tsaya a bakin kogi tana jiran mutanenta. Minti goma, minti ashirin. Ko ɗaya bai zo ba. Adadi ya sauko saba'in da ɗaya.

Sai ga saƙon Tela. "Auta, hoton da kika ɗauka ya iso gare ni. Baƙin wasu ma sun gani, sun ce ba za su zo a mayar da su abin dariya ba. Ba zan kore ki ba. Amma kin yi mana ɓarna."

Auta ta rufe saƙon. Ta ruga wajen kwale-kwalensu. Yaya yana tsaye a gefensa, bai shiga ba.

"Yaya, mu tafi."

Can ya rubuto: "Kin san sunan da aka sa mini a aji huɗu?"

"A'a."

"Tsohon inji. Wai bakina sai an tura yake tashi. Shekara biyu ban ɗaga hannu a aji ba."

Auta ta sake karanta saƙon.

"Yau ba na jin tuƙi," in ji Yaya. "A gaida Umma."

Ya fita. Kwale-kwalen yana nan a ɗaure. Ba ta da wanda zai riƙe mata hagu.

Ta kai wa Umma wayar tun lokaci bai cika ba. Umma tana ninke wanki a kan gado. Ta dube ta sau ɗaya.

"Yau ba labarin yayanki?"

Auta ta fashe da kuka. Ta faɗi komai, tana yi tana shessheƙa. Ta ƙare da cewa, "Yanzu za a rufe wasan, Yaya kuma ya daina kula ni."

Umma ta ajiye rigar da ke hannunta. "Tun ɗazu ina sauraro. Na ji kin yi kukan wasa, na ji kin yi kukan yayanki. Yarinyar fa?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Ta ce miki ba ta iya ba, amma ta zo saboda ke. Uwarta ta hana kanta waya ta ba ta. Ke kuma kika biya ta da wannan. Haƙƙi ne kika ɗauka, Auta. Allah ba ya yafe haƙƙin wani sai mai shi ya yafe."

"Zan goge hoton."

"Ki goge. Za ki iya goge shi daga bakin yara talatin?"

Auta ta girgiza kai.

"To, ki nemi gafararta. Ba don ta dawo wasa ba. Ko an rufe wasan nan gobe, sai kin nema."

Ranar Litinin da aka fita tara, Auta ta je wajen taga. Ta ce, "Ki yafe mini. Na yi kuskure."

Shiru-shiru ta dube ta. "Adadinku ne bai cika ba?"

"Ba haka ba ne."

"Haka ne mana. Ai kin ce in shigo a ƙirga da ni. An ƙirga." Ta mayar da fuskarta ga taga.

Maganar ta tsaya wa Auta a rai har aka tashi. Ta zauna ita kaɗai bayan kowa ya fita. Malama tana goge allo, ta juyo.

"Ke lafiya? Gida ya yi miki nisa ne yau?"

Auta ta ba ta labari. Malama ta ce, "Ashe daga wajenki sunan nan ya fito. Mako guda ina hanawa, ina juya baya suna ci gaba." Ta karkaɗe allin hannunta. "A gaban mutum nawa kika kunyata ta?"

"Duk aji."

"A gaban mutum nawa kika ba ta haƙuri?"

Auta ta tuna su biyu ne kawai a wajen taga. Ta gane.

Washegari Malama ta ce akwai mai magana. Auta ta fito gaban allo.

"Ni na sa mata sunan nan," in ji ta. "Ta tambaye ni abin da za ta danna, na ƙi faɗa mata. Kwale-kwalen ba ya tafiya da mutum ɗaya. Ni ya kamata in shiga tare da ita. Ranar da na fara, sau ashirin da bakwai na kife, yayana yana ciro ni. Bai taɓa ɗaukar hotona ba. In akwai kifi a ajin nan, ni ce."

Wasu suka yi dariya. Yaron nan mai kumbura kumatu ya ce, "To, sannu Kifi."

Sunan ya koma kanta. Har aka tashi ana kiranta da shi. Da zafi, fiye da yadda ta zata. Ta cije, ba ta kai ƙara ba.

Da ta koma gida ta yago takardu daga tsohon littafinta. Ta zana kwale-kwale, ta zana inda ake dannawa, ta rubuta yadda ake ƙirga ɗaya, biyu, kafin a danna tare. Ta yi guda tara, hannunta har ya yi tsami. Ta raba wa waɗanda ta gayyata. Ta Shiru-shiru ta ajiye mata a kan tebur.

Asabar ta uku mutum uku suka dawo. Auta ta tuƙa da kowannensu har ya haye kogi. Yaya yana can nesa da nasa baƙon, bai yi mata magana ba. Tela ta nemi hoton takardar, ta liƙa a bakin kogi don kowane baƙo ya gani. Adadi ya kai tamanin da shida. Da saura.

Asabar ta ƙarshe, Auta ta yi sallarta, ta daɗe a zaune a kan darduma. Sannan ta karɓi waya.

Bakin kogi ya cika. Tsofaffin 'yan wasa da suka daɗe da bari sun dawo, don Tela ta bi su ɗaya-ɗaya. 'Yan ajin nan uku sun zo da ƙannensu. A can gefe wata take tsaye ita kaɗai. Shiru-shiru ce.

"Ba don ke na zo ba," ta rubuto. "So nake in haye kogin nan ko sau ɗaya."

"Shigo," in ji Auta. "Ki riƙe hagu."

Suka kife tun a bakin ruwa. Suka sake, suka kife. A na biyar suka kai tsakiya, ruwan kogin ya tsaya cak kamar yadda ya saba.

"Na lalata shi ne?" in ji Shiru-shiru.

"A'a, tsufa ne. Yana hutawa."

Shiru-shiru ta turo alamar dariya. A na bakwai suka haye. Sai a lokacin Auta ta tuna ba ta duba adadi ba ko sau ɗaya.

Sanarwa ta fito. Mutum ɗari da shida. Masu wasan sun ce za a bar shi a buɗe.

"Na yafe miki," Shiru-shiru ta rubuto. "Amma Asabar mai zuwa ni zan riƙe dama."

Wani kwale-kwale ya tsaya kusa da su. Yaya ne. "Tun ɗazu nake kallonku," in ji shi. "Auta, gaya wa Umma zan zo hutu wata mai zuwa. Tsaya, kada ki ruga tukuna, akwai sauran labari."

Da Auta ta kai wa Umma waya da albishir, Umma ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta jawo ta jikinta. "Kin ga abin da ya riƙe wasan nan? Mutane ne. Mutum kuwa ba ya zama inda ake wulaƙanta shi. Duk wanda kika gayyato, ki kama hannunsa, ki koya masa, kada ki mayar da shi abin dariya."

Auta ta riƙe wannan magana. Daga ranar, duk baƙon da ya sauka a tsibirin, ita ce ta farkon zuwa tarbarsa.