Mai Shara a Hanyar Tsere

Ranar da aka bugo wa Hajiya Saude waya daga Kano cewa an saki samarin da suka take mijinta garin wasan mota a wani biki, kasa komawa masauki ta yi. Ta baro shagunan titin Liuhua Lu, inda take sarin kaya a ƙasar China, ta shiga wani lambun shaƙatawa, ta zauna a kan benci har magariba ta kawo jiki.

Ba kowa a wurin sai wata tsohuwa 'yar China tana shara.

"Janye ƙafarki, 'yar nan," in ji tsohuwar. "Yanzu za su zagayo."

Saude ba ta san Sinanci ba sai ɗan na ciniki, amma ta ji kowace kalma sarai.

"Su wa, Iya? Ai mota ba ta shigowa nan."

"'Ya'yan masu hali. A jirgin ruwa aka kawo musu motocin. Tun kafin a haifi kakarki suke tsere a nan."

Warin mai da ƙonanniyar roba ya turnuƙe wurin. Bencin ya fara rawa, gurnanin inji yana ta matsowa, hanya kuwa fayau.

"Wanda ya zo na ɗaya an ba shi kofi, an ɗauke shi hoto," in ji tsohuwar. "Ni kuwa tabarma suka rufa mini, suka ƙarasa zagayensu."

Ta juya ta ci gaba da shara, amma ko ganye ɗaya bai motsa ba. A gadon bayanta, daga kafaɗa har ƙugu, sawun siririyar taya ne kwance, bai ko bushe ba.