Janar na Kwali

A shagon buga takardu suka fara haɗuwa. Shi ya zo karɓar allon wasan da ya ƙirƙira, na wani yaƙi da aka yi a kan gada tun ba a haife su ba. Ita malamar tarihi ce, kuma ba ta iya gani ta yi shiru. Ta leƙa allon, ta taɓe baki.

"Wa ya ba masu tsaron gada tankoki? Ko babur ba su da shi."

"In ban ba su ba, kullum su za a ci. Wa zai yarda ya ɗauke su?"

"To rubuta a jikin kwalin cewa tatsuniya ce."

Gardamar ta bi su har waya. Ta raɗa masa Janar na Kwali. Ya tura mata: "Malamata, na cire tanka ɗaya dominki. Zuciyata kuwa tuni kika cinye ta da yaƙi." Ta amsa: "Cire sauran tukuna."

Sai dai babanta tsohon soja ne, yana cikin waɗanda suka tsare gadar. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai wasa da jinin mutane ba. Janar ya rame, ita ma ta sha kuka.

Ran nan ta yi ƙarfin hali. "Baba, kun san ba za ku yi nasara ba, me ya sa kuka tsaya?"

"Wa ya ce miki nasara muka je nema? Mata da yara ne ke tsallakewa a bayanmu."

Da Janar ya ji, ya kwashe tankokin kaf, ya sauya doka: masu tsaro sun ci idan iyalai suka tsallake kafin gadar ta faɗi.

Ya kai allon falon Baba. Baba ya zauna da niyyar kushewa, sai ga shi ya gyara tabarau, ya ɗauki ɓangaren masu tsaron gada. Sojojinsa na katako suka yi ta zubewa, amma motar ƙarshe mai ɗauke da iyalai ta tsallake.

Baba ya daɗe riƙe da 'yar motar a tafinsa.

"A waccan ranar, wannan ba ta tsallake ba," ya ce a hankali. Ya share ido. "Yaro, turo manyanka."

Ranar aure ya dafa kansu. "Allah ya yi muku albarka. 'Yar na ba ka, amma allon a gidana zai zauna."