Wayar da Aka Binne a Shinkafa

Ruwan da ake jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, bai huce ba, tururi na tashi daga tukunyar, amma Zara ba ta tsaya tunani ba, ta zura hannunta har gwiwar hannu tana lalube. Wayyo Allah! Zafin ya ratsa ta har tsakiyar kai, ta cije leɓe ta ƙi yin kuka, sai da yatsunta suka taɓa abin da take nema. 'Yar ƙaramar waya ce mai madannai, an ɗaure bayanta da roba. Inna Yakaka, matar ƙanin mahaifinta, ita ta fizge ta daga hannunta ta wurga a ciki, ga ta nan tsaye ta riƙe ƙugu tana huci.

"Tunda kin ɗauke wayar 'yata, ke ma ki ɗanɗana rashin taki," in ji Inna Yakaka. "Fito mana da ita tun muna mu biyu, ɓarauniya."

Zara ta ɗago, fatar hannunta ta yi jawur ta fara tashi. Ta dubi matar ido cikin ido ta ce, "Inna, ban ɗauka ba. Ko hannun nan zai guntule, ba zan ce na ɗauka ba."

Marainiya ce gaba da baya. Mahaifinta, Malam Ari, shi ne ladanin unguwarsu a wani ƙauye da ke bakin fadamar Auyo, mutumin da ake ba wa ajiya a tafi aikin Hajji a dawo a same ta yadda aka bari. Zazzaɓin da ya biyo bayan babbar ambaliya ne ya tafi da shi, uwarta kuwa ta riga shi da daɗewa. Bai bar mata gona ba, bai bar mata ko akuya ba, sai wannan 'yar waya, wadda a cikin memorinta akwai muryarsa yana kiran salla. Tun daga nan ta koma gidan Baba Kolo, ƙaninsa, ta zama ita ce shara, ita ce ɗibar ruwa, ita ce turara shinkafar matan unguwa da ake biyan ladanta a hannun Inna.

Bashira kuwa, 'yar gidan, ba ta san zafin murhu ba. Saurayinta Haris, wani ɗan tireda a Hadejia, ya fara kawo mata waya mai kyau daidai ƙarfinsa, ta ture ta da yatsa ta ce ƙawayenta za su yi mata dariya. Bawan Allah sai da ya sayar da babur ɗinsa ya sayo mata wata mai idanu uku a baya, wadda dattawan majalisa suka ce kuɗinta zai sayi shanun huɗa har da garma. Daga ranar ta hana kowa sakat a gida! A ɗauki tuwo hoto, a ɗauki lalle hoto, a hau katanga neman sabis, kullum kuma wayar tana shagon caji domin rabin yini ba ta kaiwa. Ta sa wa wayar Zara suna rakani-banɗaki, tana yawan cika baki cewa tata ba abin da ke wuce mata, ko ƙuda ne ya gifta sai ta ɗauke shi. Zara takan yi murmushi ta ce tata tana kira, tana haska hanya, kuma ba ta kwana a shagon kowa. Sau nawa 'yar wayar ta faɗa fadama? Sai ta cire batirin, ta tura ta cikin buhun shinkafa ta kwana biyu, ta fito tana ƙara kamar ba ita ba. Duk unguwar an san Zara da wannan dabara.

To, ana tsakiyar kakar shinkafa aka wayi gari babbar waya ta yi layar zana. Baba Kolo ya dawo daga kai buhuna Hadejia ya tarar da 'yarsa na birgima a tsakar gida, uwarta na rantsuwa cewa babu wanda ya shiga ɗakin sai Zara da tsintsiya. Bai tambaya ba, bai bincika ba. Ya tafi masallaci ya sa aka yi cigiya a lasifika, har da ƙarin cewa ana zargin wata 'yar riƙo a cikin gidan. Innalillahi... lasifikar da Malam Ari ya shekara da shekaru yana tashin mutane da ita, yau ita ce ta tallata 'yarsa da sata! Zara na durƙushe a bakin murhu ta ji, ta kifa kai a gwiwa ta yi kukan da ba ta yi ba ko a ranar da aka fita da gawarsa.

Aka zazzage 'yan tsummokaranta, aka tone ƙasan tabarmarta, ba a ga komai ba. Ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa, Inna ta ce mai hannun ɗauka ba ta tsoron rantsuwa. Daga ƙarshe Baba Kolo ya ba ta zaɓi: ta durƙusa gaban Bashira ta amsa laifi a yafe mata a rufa asiri, ko ta tattara ta bar masa gida.

"Baba, in na amsa, ba ni kaɗai na yi wa ƙarya ba," ta ce, hawaye na zuba amma muryarta ba ta rawa. "Gobe a ce 'yar Malam Ari ta yi sata ta amsa da bakinta. Yayanka ne fa, Baba. Sunan nan shi kaɗai ya bar mini, ba zan sayar da shi da kwanon tuwo ba."

Ta fita da ƙullin kayanta a ka, da jiƙaƙƙiyar wayarta a ɗaure a gefen zane. Wata tsohuwa mai ƙyafa kifi a bakin gulbi, 'Yar'azumi, ita ta ja ta ɗakinta ta shafa mata man kaɗe a hannu. Amma wahala ba ta ƙare ba. Matan da take turara wa shinkafa suka janye ɗaya bayan ɗaya, wasu ma in ta gifta sai su dafe aljihun jakarsu. Ƙunar ta yi ruwa, zazzaɓi ya kwantar da ita. Wasu masu son sulhu suka riƙa zuwa suna lallashinta, wai kalma ɗaya ce, ta faɗa ta huta. Ta ce su sha zamansu, ita ba ta gaji ba. Ta roƙi mudun shinkafa wurin tsohuwar ta binne 'yar wayarta a ciki, ranar da ta fito da ita ta mayar da batiri, fuskar wayar ta kawo haske, rabi ya dushe amma muryar na nan! Ta rungume ta tana cewa, "Ya Allah, Kai ne gatan wanda ba shi da gata. Ban roƙe Ka dukiya ba, ban roƙe Ka gida ba, Ka wanke ni kawai ina raye."

Kaka ta wuce, aka shiga noman rani. Ran nan Ɗanladi, mai injin casa a Hadejia, yana juye wani buhun shanshera a rariya don fitar da tsakuwa, sai ga abu ya faɗo yana walƙiya, da idanu uku a baya. Ya duba buhun, ga sunan Kolo da jan fenti. Labarin cigiyar ya daɗe da isa kasuwa, don haka ya sa mata caji, da ta kawo wuta ya hau mota ya kai ta hannun mai unguwar su Kolo.

Aka tara kowa a ƙofar gidan mai unguwa, har Haris. Da aka faɗi inda aka tsince ta, Inna Yakaka ta yi tsalle ta dire. Ta ce wa ke binne waya a shinkafa duk faɗin garin nan? Jama'a suka ɗauki guna-guni, idanu suka koma kan Zara, har 'Yar'azumi ta sunkuyar da kai. Abin da ta yi ta roƙon Allah a kansa ya zo, ya kuma zo a matsayin shaida a kanta! Amma ta miƙe. Ta nuna Bashira da hannun nan mai tabo.

"Kullum kina cewa wayarki ba abin da ke wuce mata. To, a tambaye ta. Ranka ya daɗe, a buɗe a ga abin da ta gani na ƙarshe."

Bashira ta fara kame-kame, wai akwai hotunanta na sirri. Baba Kolo, da yake ya gama yarda da 'yarsa, ya karɓi wayar ya kara mata a fuska ta buɗe, ya miƙa wa Haris ya ce ya kunna a kunyata mai taurin kai. Sai ga Bashira tar a ciki, tsaye a kwalekwalen da ke ɗaure bayan gidansu, tana juyi tana gyara mayafi. Kyamarar mai tsada ce, har ƙyallin haƙorinta ana gani. Kwalekwalen ya karkata, aka ji ihu, aka ga ruwa mai laka ya rufe komai. Hoton ya yi duhu, amma sauti bai tsaya ba. Aka ji Bashira na kuka tana cewa fuskar wayar ta mutu, Haris zai kashe ta. Aka ji muryar Inna Yakaka ƙasa-ƙasa, kowace kalma a fili: "Rufe mini baki. Tura ta cikin buhun babanki yadda shegiyar yarinyar nan take yi, kada kowa ya ji."

Ashe da sassafe Baba Kolo ya loda buhunan ya tafi da su ba su sani ba, su kuma da suka ga ba mafita, suka rataya wa marainiya. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, mata suka bi ta da tofin Allah wadai har gida, ba ta kuma kwana a garin ba, domin mijinta ya ce ta je gidansu sai ya neme ta. Haris ya ce a gaya wa manya ya fasa auren, mai iya kallon wannan zalunci ta yi barci ba matarsa ba ce. Sannan ya juyo ya miƙa wa Zara wayar da hannu biyu, ya ce ta riƙe, ko ta rage mata zafi.

"Na gode, Malam Haris. Ka sayar ka mayar da babur ɗinka," ta ce. "Ta yi mini aikin da zan nema a wurinta, ina da tawa."

Baba Kolo ya matso yana share ido da hannun riga, yana roƙonta ta dawo gida, ta faɗi duk abin da take so. Ta ce abu ɗaya ne: inda aka ɓata ta, a can za a wanke ta, kuma da bakinsa.

Bayan la'asar tana zaune a bakin gulbi tana juya kifi tare da 'Yar'azumi, sai lasifikar masallaci ta yi ƙara. Muryar Baba Kolo ta fito, ta ratsa gidaje ta sauka har kan fadama, masu ban-ruwa suka tsaya cak da fartanya a hannu. Ya ce shi Kolo ya zalunci 'yar ɗan'uwansa, Zara 'yar Malam Ari ba ta ɗauki komai na kowa ba, ya kuma sake maimaitawa. Zara ta kwance gefen zanenta, ta fito da 'yar wayar mai ɗaurin roba, ta danna. Kiran sallar mahaifinta ya tashi a hankali cikin tafin hannunta mai tabo. Ta kara ta a kunne tana kuka tana dariya, ta ce, "Baba, ka ji? Ban amsa ba."