Idanun 'Yar Mai Hoto

Magariba ta kawo kai, Goggo tana tsakar gida tana kwashe shanya, sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne, ta ɗaga murya ta zage su har da iyayensu. Na biyun bai zo daga waje ba. Daga ɗakin 'yar ƙanenta ya gangaro, ya tsaya a gaban ƙafarta, jiƙe sharkaf kamar an tsamo shi daga rijiya. Goggo ta yi tsit. A cikin shirun ta ji kuka, siriri, mai nauyi, yana fitowa daga ɗakin, alhali yarinyar tana zaune a bakin gado bakinta a rufe.

Gidan na mai hoto ne. Shagonsa yana manne da gidan, kuma duk wanda ya bi layin ya san fuskar 'yarsa, domin hotunanta ne suka cika gilashin ƙofar. Idanu gare ta dara-dara, farare tas, su ne tallarsa. Mata kan tsaya su ce a ɗauke su yadda aka ɗauki wannan, shi kuwa ya karɓi aiki, bai taɓa gaya musu ba cewa ba na'urarsa ce ta yi idon ba. Tun tana rarrafe ya kafa mata doka: ba a kuka a gidansa, kuka yana ɓata ido. Ranar da aka fita da gawar uwarta ma, haɓarta ya riƙe ya ce ta haɗiye, gobe akwai ɗauka. Ta haɗiye. Goggo, yayarsa, wadda ta zo riƙe gidan bayan rasuwar, ta gani ta kau da kai, don ita ma a ƙarƙashinsa take ci.

Washegarin jifan, yarinyar ta tashi da fatar idonta a kumbure, sama da ƙasa, tana sheƙi. Goggo ta yi duk abin da ta sani. Ta jiƙa tsumma da ruwan sanyi ta ɗora, ta yanka kokwamba ta lulluɓe idon, ta sa ganyen shayin da aka dafa ya huce. Ta rage gishiri a miya har abinci ya koma lami, ta ƙara mata matashi don kai ya ɗaga. Mai kemis ya ce ƙura ce ko sabon sabulu, ya ba da maganin ɗigawa. Likita ya auna fitsari da jini saboda zargin ƙoda, ya ce komai lafiya. Da hantsi kumburin yakan ɗan saɓe, da yamma ya dawo da ƙarfinsa, tare da duwatsun da kukan.

Uban bai yarda da kowa ba. Shi dai a ganinsa, a ɓoye take kuka. Ya tsare ta da tambaya, ta rantse ko ɗigo bai fita ba, kuma gaskiya ta faɗa. Ya zaro bel ya zane ta a baya da cinyoyi. Bai taɓa dukanta a fuska ba, kuma kada wani ya ɗauka tausayi ne. Abin da ke cinsa, wani kamfanin man shafawa ya ga hotunanta yana son fuskar a allon talla, ranar ɗauka tana ƙaratowa, ga idanu sun koma kamar an hura su, sai wata 'yar tsaga da take leƙen duniya ta ciki.

Ranar da tsagar ma ta rufe, Goggo ta yi ta maza ta kira wani tsohon malami da ya yi suna wajen fitar da aljanu. Ya zo rana tana faɗuwa. Ya zauna a kan tabarma, ya sa aka zaunar da yarinyar a gabansa, ya fara karatu a hankali. Dutse ɗaya ya faɗo, sannan gidan ya yi shiru, ko ƙarar titi ba a ji. Can jikinta ya sandare, kanta ya langaɓe, wata murya ta fito daga bakinta, busasshiya, ba ta namiji ba kuma ba ta mace ba.

Malam ya tambaya wane ne, me ya kawo shi jikin marainiya. Muryar ta ce ita mai bin ruwan da ya kwanta ce, tana zama inda ruwa ya rasa hanya. Ta zo wucewa ta tarar da hawaye an datse su a bayan idon yarinya, tun na ƙuruciya har na mutuwar uwa, sai ta shiga ta zauna. Kukan da ake ji na yarinyar ne, ita kawai take fito da sautinsa.

"Ban zalunce ta ba, Malam," in ji muryar. "Na tarar an riga ni."

Malam ya ce ta fita. Ta ce ba ta ƙi ba. A bar yarinyar ta yi kukan uwarta, safe da yamma, har ruwan ya ƙare, za ta bi shi ta tafi. Zai ɗauki watanni, fuskar za ta yi ja ta kumbura, amma idon zai tsira. Malam ya sauke ajiyar zuciya, ya ce wannan ai magani ne mai sauƙi. Goggo ta fara hamdala.

Sai uban ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa, ya tambaya ko babu hanyar da ta fi sauri.

Kan yarinyar ya juyo wajensa a hankali, da rufaffun idanun nan.

"Akwai. In kwashe ruwan gaba ɗaya yanzu. Amma ganinta a cikin ruwan yake, tare za su tafi."

Malam ya daka wa uban tsawa ya ce ya rufe bakinsa, ba a ciniki da irin waɗannan, kuma maganar maigida a kan 'yarsa tana ɗaurewa. Goggo ta kama rigar ƙanenta tana roƙonsa da darajar iyayensu. Ya cire hannunta. Ya daɗe yana kallon fuskar 'yarsa, irin kallon da yake yi wa hoto kafin ya wanke.

"In ganin ya tafi," ya ce, "idon zai canja kama?"

Muryar ta yi dariya. Ta ce ko kaɗan, zai fi da kyau ma.

"To a yi a gama."

Malam ya ɗaga murya da karatu, amma an riga an gama. Yarinyar ta kife. Ruwa ya malalo daga idanunta, ba kuka ba shessheƙa, ya jiƙa rigarta da tabarmar, ya bi ƙasa ya shige magudana. Malam ya naɗe carbinsa ya fita, bai karɓi komai ba, bai kuma yi wa maigidan sallama ba.

Da safe babu kumburi. Idanun sun buɗe, manya, farare, sun fi da kyau kamar yadda aka faɗa. Yarinyar ta lalubi bango ta ce wa Goggo har yanzu ba a kawo wuta ba ne. Goggo ta toshe bakinta da mayafi.

Ranar ɗauka uban ya riƙo hannunta zuwa shago, ya zaunar da ita a kan kujera, ya gyara mata wuyan riga. Mutanen kamfanin suna tsaye suna yaba idon.

"Baba, ina zan kalla?" ta tambaya a hankali.

Ya kama haɓarta ya juyo da ita daidai inda yake so, ya koma bayan na'urarsa. Fitila ta haska a fuskarta, ta sake haskawa. Ko ƙiftawa ba ta yi ba, kuma ya ji daɗin hakan.